Jinya bayan aikin gina sabon nono: amsa ga 'yar uwa mai shirin shiga tiyata

Wa alaikumus salam 'yar uwa, sannu da jiki, Allah ya ba ki lafiya yasa kaffara ne. Na karanta tambayarki har sau biyu. Kince an gano kansa, wato ciwon daji, a nononki na hagu, nan da sati uku za'a cire shi kuma a ranar za'a gina miki wani da fata da kitsen mararki, wato aikin da likitoci ke kira DIEP, kina da yarinya 'yar shekara biyu da bata yarda da kowa sai ke, kina so ki san yaushe zaki iya ɗaukarta, yaushe zaki koma aiki, sannan can ƙasa kin tambaya ko zaki riƙa jin nonon kamar naki na da. Ni nas ce, na daɗe a sashen da ake kwantar da mata bayan irin wannan aikin, zan gaya miki abinda na sani da abinda idona ya gani, amma duk inda maganata ta saɓa da ta likitan da zai yi miki aiki toh tasa zaki bi, don shi ya san abinda ya ɗinke a ciki.

Abu na farko da nake so ya zauna miki a rai shine sabon nonon nan baya magana. Jikinmu ya saba idan wani abu ya samu wuri sai ya yi ciwo ya sanar damu, shi kuwa wannan lokacin cire nono ana yanke ƙananan jijiyoyin da ke kai ji zuwa fata, saboda haka zai iya ƙonewa, zai iya kumbura, ƙwayoyin cuta zasu iya shiga, ke baki ji komai ba ko kuma kinji ɗan abu kaɗan da bai kai girman matsalar ba. Idonki da bayan hannunki su ne zasu yi masa gadi na watanni. Kusan duk matsalar da na gani ta yi nisa kafin a zo asibiti, idan kika tambayi mai ita sai tace ai bata ji ciwo ba shi yasa ta zauna.

Aikin kansa yana da tsawo, awa 6 zuwa 8 ba abin mamaki bane, ki gaya wa masu jiranki tun yanzu kada hankalinsu ya tashi. Abinda ke cin lokacin shine ana ɗauko fatar da kitsen tare da jijiyoyin jininsu, waɗanda faɗinsu bai wuce milimita 2 ko 3 ba, a kai ƙirji a ɗinke su da jijiyoyin da ke bayan haƙarƙari a ƙarƙashin madubi mai ƙara girma, da zaren da ya fi gashin kai siranta. Rayuwar nonon gaba ɗaya ta rataya ne a kan wannan ɗan ɗinkin. Shi yasa daren farko bazaki samu barcin kirki ba, duk awa ɗaya nas zata zo ta buɗe ki ta duba launin fatar, ta taɓa taji ɗuminta, ta danna ta ga yadda jini ke dawowa, sannan ta ɗora wata 'yar na'ura mai kama da biro kiji sauti shuu shuu shuu, wannan sautin jinin ne ke wucewa. Dan Allah kada kiji haushin tashin da ake miki, kwana biyu zuwa uku na farko su ne lokacin da jijiyar tafi toshewa, idan aka gane da wuri aka koma ɗakin tiyata sau da yawa ana ceto nonon. A hannun ƙwararru wanda ke lalacewa gaba ɗaya bai fi 1 ko 2 cikin 100 ba. Za'a bar ɗakin da ɗumi, za'a sa miki robar fitsari ta kwana ɗaya ko biyu, da doguwar safa mai matse ƙafa, da allurar hana jini daskarewa, kuma washegari ko jibi za'a ce ki sauko ki zauna a kujera ki ɗan taka. Zaki ji kamar an zalunce ki amma wannan takun yana kare ki daga gudan jini da ciwon huhu. Yawanci kwana 3 zuwa 5 ake sallama.

Abinda mata basa tsammani shine cikin yafi nonon ciwo nesa ba kusa ba. Ɗinkin daga wannan ƙugu zuwa wancan yake, an jawo fata an haɗe, cibiya ma an sake mata mazauni, saboda haka sati ɗaya zuwa biyu a duƙe zaki riƙa tafiya kamar tsohuwa, kuma kada ki tilasta wa kanki miƙewa, da kansa jikin zai saki kaɗan-kaɗan. Bayanki zai yi tsami saboda duƙon, wannan ba wani abu bane. In zaki yi tari ko atishawa ko dariya ki rungume filo ki danne cikin dashi. Kwanciya a rigingine ne, filo biyu ko uku a bayanki, ɗaya a ƙarƙashin gwiwoyi don kada cikin ya miƙe, banda rub da ciki kuma banda kwanciya a gefen da aka yi aikin har sai likita ya yarda, yawanci sati 4 zuwa 6. Saukowa daga gado ma sai an koya, ki mirgina gefen lafiyayyen, ki fara sauke ƙafafu sannan ki tashi a hankali, kada kowa ya kama hannunki na hagu ya jawo ki da sunan taimako. Ki gwada wannan tun yanzu da kike da lafiya, wallahi yana sauƙaƙa abubuwa.

Maganin ciwo ki sha a kan lokaci a kwanakin farko, kada ki jira sai ya ci ƙarfinki. Parasitamol kada ya wuce giram 4 a awa 24, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, kuma ki lura wasu magungunan mura da na ciwo akwai shi a cikinsu. Su ibuprofen da diclofenac da asfirin sai kin tambaya tukuna saboda suna iya ƙara zubar jini, haka duk wani ƙarin magani ko na ganye da wani zai kawo miki da kyakkyawar niyya. Masu ƙarfin kuma irin su tramadol da kodin suna ɗaure ciki, yunƙurin bayan gida da sabon ɗinki a mara azaba ce ta gaske, ki nemi maganin laushin bayan gida tun kafin a sallame ki, ki yawaita ruwa. Ki ci abinci mai gina jiki ko da bakinki babu daɗi, wannan ba lokacin rage ƙiba bane.

Sai maganar robobin da ke zuƙo ruwa, diren kenan. Zaki farka da biyu ko uku, ɗaya a ƙirji ko hammata, sauran a mara, kowacce siririn tiyo ne da 'yar kwalbar roba mai laushi a ƙarshe, wasu kamar girman ƙwai. Da yawan mata da su ake sallamarsu. Sau biyu ko uku a rana zaki wanke hannu, ki buɗe murfin, ki juye ruwan a kofin awo, ki rubuta a littafi ko mil nawa ne da lokaci da kuma wace roba ce, sannan ki matse kwalbar ta lotse kafin ki rufe, idan baki matse ta ba bata zuƙar komai, wannan kuskuren na sha ganinsa. Ruwan da farko ja ne, sai ya koma ja-ja mai haske, daga baya ruwan ɗorawa kamar na fitsari, wani lokacin kiga zare-zaren jini a cikin tiyon, duk daidai ne. Abinda ba daidai ba shine ya koma jini jajir bayan ya fara haske, ko ya cika kwalbar cikin ɗan lokaci, ko ya yi kauri da wari, ko ya tsaya cak alhali wurin yana kumbura. Ana cirewa idan abinda ke fita ya sauka ƙasa da kamar mil 30 a awa 24, ga wasu sati ɗaya ga wasu har uku, kuma littafin nan shi likita zai kalla ya yanke hukunci don haka kada ki rage lissafi don kin gaji da robar. In aka cire da wuri ruwan taruwa yake a ƙarƙashin fata sai an riƙa zuƙe shi da sirinji. Cirewar ba ta wuce daƙiƙa kaɗan ba, wani irin ja zaki ji daga ciki sai kuma shikenan. Ki tanadi riguna masu buɗewa ta gaba, da fil ɗin maƙale robar a jikin riga don kada ta riƙa lilo tana jan fata.

Yanzu bari in koma kan maganar gadi. Akwai wata mata da muka sallama lafiya lau, nononta yayi kyau jini na tafiya yadda ake so, bayan kamar kwana goma ta dawo da wata irin bororo a gefen nonon, faɗin tafin hannun yaro, fatar ta salube. Ashe wurin ne take jin ya ɗaure mata da daddare sai ta cika robar ruwan zafi ta ɗora a kai barci ya kwashe ta. Bata ji komai ba sai da safe ta ga rigarta ta jiƙe. Sati nawa muka yi muna wanke wannan ƙunar, kuma ya ja mata jinkirin fara kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, har yau idan na tuna raina yana sosuwa don abu ne da jimla ɗaya zata hana shi. Saboda haka kada ki gasa nonon ko marar da komai, ba ruwan zafi ba tawul mai zafi ba ƙanƙara, ruwan wanka ki gwada shi da hannunki na dama kafin ya taɓa ƙirji, ki kula da tururin tukunya da kofin shayi da ake jinginawa a ƙirji, har baƙar riga a cikin rana mai zafi tana iya ƙona irin wannan fatar. Kuma ba na sati biyu bane, matuƙar wurin baya ji toh dokar tana nan.

Kullum da safe ki tsaya gaban madubi a wuri mai haske ki kalli nonon sama da ƙasa da gefen hammata, ki kalli ɗinkin marar da cibiya. In zaki iya ki ɗauki hoto da waya a wuri ɗaya da haske ɗaya kowace rana, don canjin da ke zuwa a hankali ido baya kama shi sai an jera hoton jiya da na yau. Takardun asibiti zasu ce ki lura da ja, amma mai duhun fata ba lallai ta ga ja ba, abinda zaki gani shine wurin ya ƙara duhu ko ya yi shunayya, yana sheƙi, ya ɗaure, idan kika ɗora bayan hannu kiji ya fi ɗaya ɓangaren zafi. Ki sayi ma'aunin zafin jiki ki ajiye, idan ya kai 38 ko kina rawar ɗari kada ki ce zazzaɓi ne kawai ki sha magani ki kwanta, ki kira asibiti. Haka idan nonon ya kumbura farat ɗaya ya yi tauri, wannan jini ne ke taruwa, ko ya yi sanyi ƙalau ya koɗe, ko gefen ɗinki ya yi baƙi, ko ya buɗe yana fitar da mugunya. Ɗan buɗewar ɗinki a tsakiyar mara ko inda layuka suka haɗu yana faruwa sosai kuma yawanci wanki kawai yake buƙata, amma su zasu faɗa ba ke ba. Kada ki shafa komai a kan ɗinki, ba mai ba hoda ba turare, sai abinda aka baki. Wanka na tsaye wasu likitocin suna bari bayan kwana biyu wasu sai an cire diren, amma zama cikin ruwa sai miki ya rufe ruf.

Guda biyu kuma basa jiran safiya ko kaɗan. Idan sha-raɓarki ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya riƙa yi miki wuya da ciwon ƙirji da bugun zuciya, wannan gudan jini ne har sai an tabbatar ba shi bane, asibiti kai tsaye ko ƙarfe nawa ne. Kansa da doguwar tiyata da kwanciya duk suna ƙara haɗarinsa, haka maganin kansar nono mai suna tamoxifen, idan kina shansa ki tabbatar likitan tiyata ya sani don wasu suna dakatar dashi kafin aiki. Mai ciwon suga ta daidaita suganta tun yanzu. Taba da shisha da duk abinda ke da nikotin suna tsuke ƙananan jijiyoyin da nonon ke rayuwa a kansu, ana so a bari aƙalla sati 4 kafin aiki da 4 bayansa, kuma mai sha a gidan ya fita waje da hayaƙinsa.

Toh maganar yarinyarki, wadda na san ita tafi damunki. Yaro ɗan shekara biyu yana kai kilo 11 zuwa 13, ke kuma sati 6 na farko ba'a so ki ɗaga abinda ya wuce kilo 4 ko 5, wasu likitocin ma ƙasa da haka suke cewa. Kinga babu ɗauka babu goyo babu ciccibo ta daga ƙasa idan ta faɗi. Dalilin shine duk da a DIEP ba'a cire tsokar ciki, ana tsaga murfin da ya lulluɓe ta a ratsa tsokar a zaro jijiyoyin, sannan a ɗinke, kuma wannan ɗinkin na ciki shi ke riƙe da cikinki. Miki a sati na uku ƙarfinsa bai wuce kashi 20 cikin 100 na lafiyayyen nama ba, sai wajen wata uku yake kai kusan 80. Matsalar a sati na uku da na huɗu ne mace take jin ta warke, an cire robobi, ta miƙe, fata ta rufe tayi kyau, mai taya ta ma ta koma gida, sai ta sunkuya ta ɗauki yaro ko bokiti ko ta ja katifa. Wasu basa ganin komai a ranar sai bayan watanni cikin ya turo gefe guda kamar ƙaba, wanda gyaransa wata tiyatar ce. Ni a wurina waɗannan satuttukan sun fi satin farko haɗari, don a satin farko ciwo yana hana ki da kansa.

Sati ukun nan da kike dasu ki yi amfani dasu wajen saba mata. Ki daina ɗaukarta tun yau a hankali, ki zauna ki ce ta hau da kanta ta zauna a gefenki na dama, ki koya mata hawa gado da 'yar kujera, ki bar wanda zai kula da ita ya fara yi mata wanka da kwantar da ita tun kina gida don kada rashinki da sabon hannu su haɗu mata rana ɗaya. Bayan aiki duk sanda zata zo kusa ki sa filo a ƙirji da ciki, yara kansu suke kawowa da gudu. Zata yi kuka ke ma zaki yi, amma rungumar gefe da shafa kai da kwanciya kusa da juna suna isarta fiye da yadda kike zato. Kuma ki samu babban mutum da zai kwana a gidan aƙalla sati biyu na farko, idan da hali har shida, ki faɗa musu adadin tun yanzu a fili kada ki ji nauyi.

Hannu kuma kishiyar ciki ne, shi idan aka bar shi ba motsi daskarewa kafaɗar take. Sati ɗaya ko biyu na farko kada gwiwar hannu ta wuce tsayin kafaɗa, amma ki riƙa juya kafaɗu, ki dunƙule hannu ki buɗe, ki ci abinci ki goge baki dashi. Idan likita ya bada izini sai ki fara tafiya da yatsu a jikin bango kina hawa sama kaɗan-kaɗan kullum, ki ji ja amma banda zafi mai tsanani. Wannan yana da muhimmanci musamman idan za'a yi miki gashi, wato haska wurin da na'ura don kashe ragowar ƙwayoyin kansa, don a na'urar sai kin ɗaga hannu sama da kai kin riƙe. Idan an cire kaluluwar hammata zaki iya jin wata igiya ta ɗaure daga hammata zuwa gwiwar hannu, har ana ganinta idan kin miƙa, tana tsorata mutane amma masu fisiyo, wato ma'aikatan asibiti masu motsa gaɓoɓi, suna sakinta da miƙa da tausa. Kumburin hannu kuwa, ki ji zobe ko hannun riga ya matse ko hannun yayi nauyi, yana iya zuwa bayan watanni ko shekaru, da kin lura ki faɗa don a farkonsa yafi jin magani.

Tambayarki ta ƙarshe bazan yi miki kwana-kwana ba. A'a, bazaki ji shi kamar na da ba. Zai yi laushi, zai yi ɗumi don namanki ne, idan kika yi ƙiba zai ƙaru idan kika rame zai ragu, wanda ya taɓa zai ji nono, amma ke daga ciki kamar an taɓa ki ta saman bargo mai kauri ne ko ma babu komai. A cikin shekara ɗaya zuwa biyu wani ji yana dawowa daga gefe-gefe, ga wasu da ɗan yawa ga wasu kaɗan, amma irin jin daɗin kan nono baya dawowa. Akwai likitocin da ke haɗa jijiyar ji lokacin aikin, ki tambayi naki ko yana yi. Kafin nan zaki riƙa jin abubuwa masu ban mamaki, tsira kamar an ja miki wutar lantarki, ƙaiƙayin da in kin sosa baki samu wurin ba, wani lokacin ma kiji kan nonon da aka cire yana nan. Jijiyoyi ne ke farfaɗowa. Amma idan zafi mai ƙuna a ƙirji ko hammata ko cikin dantse ya wuce wata uku yana hana ki barci, akwai magungunan ciwon jijiya na musamman, kada ki haƙura dashi kina cewa ai haka ake ji. Ƙasan cibiya ma zai sage na dogon lokaci. Sabon nonon baya kawo ruwa, na daman ne zai shayar idan Allah ya kawo wani rabon, kuma lokacin ɗaukar ciki magana ce tsakaninki da likitan ciwon daji.

Ranar da zaki fara ganinsa kada ki yanke masa hukunci. Zai kasance a kumbure, a sama, wataƙila da faci na fatar ciki mai launi daban a tsakiya, babu kai, bai yi kama da ɗan uwansa ba. Sai wata 3 zuwa 6 yake sauka ya zauna, kuma yawancin mata ana sake yi musu ƙaramin aiki daga baya, a cike rami da kitse, a gyara kunnuwan fata a ƙarshen ɗinkin ƙugu, a ɗaga ko a rage ɗayan su daidaita, a yi kan nono sannan a zana masa launi. Gashi yana iya sa shi ya ɗan tsuke ya yi tauri. Wani lokacin zaki ji ƙullutu mai tauri a ciki, mafi yawa kitse ne da bai samu isasshen jini ba ya dunƙule, amma duk ƙullutun da kika ji sai an duba, ba'a yin zato da wannan. Tabo yana yin duhu da tudu a watannin farko, sai shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi yake kwanciya, idan miki ya rufe man silikon ko filastarsa suna taimakawa in an jure watanni, kuma idan kin san jikinki yana yin tabo mai tudu ko a hujin kunne ne ki gaya wa likita kafin aiki. Bireziya mara ƙarfe mai buɗewa ta gaba, wadda bata matse ba, kuma ki riƙa cire ta ki duba ko ta goge fata don bazaki ji ba.

Ga masu karanta wannan da ba da naman jikinsu za'a gina musu nonon ba, jakar silikon za'a sa musu, jinyarku tafi gajarta, kwana ɗaya ko biyu a asibiti, sati 4 zuwa 6 an koma harkoki, babu ɗinkin ciki, amma ƙwayoyin cuta sun fi muku haɗari don in suka kama jakar wani lokacin sai an cire ta. Wadda aka fara sa wa jakar buɗa fata, da ake ƙara wa ruwan gishiri duk sati ɗaya ko biyu, zata ji ƙirji ya ɗaure kwana ɗaya ko biyu bayan kowane ƙari, kuma yawancin irin wannan jakar akwai maganaɗisu a bakinta don haka ba'a shiga na'urar hoton cikin jiki ta MRI da ita. Silikon yafi jiki sanyi, baya zama har abada, kuma jiki yana iya yi masa kwanso mai tauri ya matse shi musamman bayan gashi. Hukumar FDA mai kula da magunguna ta Amurka tana ba da shawarar hoton duba shi bayan shekara 5 zuwa 6 sannan duk shekara 2 zuwa 3. Ku adana katin da ke ɗauke da suna da lambar jakar, a 2019 an janye wasu masu kaushin baya na kamfanin Allergan saboda wata kansar da ba kasafai ake samu ba, wadda alamarta kumburin nono ne bayan shekaru, masu kati su suka san matsayinsu nan take.

Aiki, idan na zama ne ki nemi hutun sati 6 zuwa 8, idan na tsayuwa da ɗauke-ɗauke ne ya fi haka. Tuƙi sai kin daina magani mai sa barci kuma zaki iya taka birki da ƙarfi ki juya sitiyari ba tare da kin ji ciki ya riƙe ba, wajen sati 4 zuwa 6. Gajiya ita ce ke daɗewa, wata uku kina jin wanka kaɗai ya ƙarar dake, ballantana idan kemo ya biyo baya, wanda yawanci ake so a fara cikin sati 4 zuwa 6 idan ana buƙatarsa. Gina nono baya dawo da cutar kansa kuma baya hana a gane ta in ta dawo, amma zuwa asibiti da hoton nonon dama duk shekara suna nan daram.

Zuciya ma tana nata jinyar. Na ga mata masu ƙarfin hali da suka shanye labarin kansa ba hawaye, sai a sati na biyu a banɗaki kuka ya ɓalle musu, kuma suna jin kunya wai kamar butulci ne tunda an yi musu sabon nono. Ba butulci bane 'yar uwa, an cire miki wani sashe na jikinki da kika rayu dashi kika shayar dashi, dole ki yi kewarsa. Maigida ki nuna masa lokacin da kika shirya, da yawansu tsoron taɓawa suke kada su ji miki ciwo sai matar ta ɗauka ƙyama ce, magana ɗaya a fili tana warware wannan, ki gaya masa inda kike ji da inda bakya ji. Kusantar juna yawanci bayan sati 4 zuwa 6 ne, ba tare da nauyi a ƙirji ko ciki ba. Idan kuma baƙin ciki ya wuce sati biyu kullum, ba barci ba cin abinci ba sha'awar komai, ki faɗa wa likita kamar yadda zaki faɗi zazzaɓi.

Kafin ranar aikin ki tambaye su lambar da zaki kira cikin dare ko ranar hutu, da inda zaki nufa idan abu ya taso, ki rubuta a bangon littafin da zaki riƙa lissafin diren, ki ba mai kwana dake ita ma ta sa a wayarta. Idan sakamakon gwajin naman ya fito aka gaya miki ko akwai gashi ko kemo a gaba, ki dawo ki sanar dani, don lissafin watannin zai canza sai mu sake duba shi tare.